Ciwon da Hoto Bai Gani Ba

Shekara uku ina tashi da asuba
kamar wadda aka kirɓa a turmi cikin dare
aka kwashe, aka mayar kan tabarma.
Kafaɗa, ƙugu, gwiwa, bayan wuya,
yau nan, gobe can,
ciwo mai yawon talla, ba shi da rumfa.

Ni Hansatu, mai ƙulin bayan Jahun,
da nake matse gyaɗa tiya shida
kafin ladan ya kira azahar,
na wayi gari muciya ta fi ƙarfina.
Na manta inda na ɓoye kuɗin adashi.
Na zuba gishiri sau biyu a miyar kuka.

Ɗanjummai mai kemis ya ce taifod ce,
allura bakwai. Ya ce maleriya, wasu bakwai.
Wanzami ya yi ta kafa ƙaho
har bayana ya koma zananniyar ƙwarya.
Na sha sassaƙe, na sha rubutu.
Iya ta ce iska na gamu da ita a hanyar rijiya.
Maƙwabciya kuwa, ta kan danga,
da muryar da ta san zan ji:
"Son jiki ne. Ga kumatu, ina ciwon?"
Wannan ta fi duk allurar zafi.

Muka sayar da tunkiya, muka nufi Dutse.
Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙashi.
Takardu suka dawo fes, kamar wankakken allo.
Sabi'u ya dube ni, na dubi ƙasa.
Wallahi na so a ce an ga wani abu,
ko tsaga ce, ko ƙari,
in samu mai yi mini shaida.

Sai wata likita siririya mai tabarau
ta ture takardun gefe, ta ja kujera.
"Ba ni labari. Tun yaushe? Ina da ina?
In kin yi barci, kina tashi da hutu?"
Ta danna ƙeyata, ta danna gefen gwiwa,
na zabura kamar na taka garwashi.
Ta ce, "Na yarda da ke."

Kalma huɗu.
Na rufe fuska da bakin mayafi.

Ta faɗi sunansa, dogo kamar hanyar Kano:
faibiromayaljiya.
Ta ce jijiyoyi ne suka cika kai ƙara,
kamar rediyon da aka ƙure wa murya,
taɓawa kaɗan, sai ihu.
Ba ya cin ƙashi, ba ya kisa,
amma ba baƙon kwana uku ba ne.
Ta sa Sabi'u ya matso, ta maimaita masa.

Ƙwaya ɗaya ƙarama, bayan isha.
A bar allurar kemis.
Ruwan ɗumi da safe, da miƙa gaɓoɓi.
Tafiya kullum, ko ba na so,
daga ƙofar gida zuwa gindin ɗorawa.
Aiki kuma a gutsura shi kamar goro,
kada ranar sauƙi ta ci bashin gobe.

Wata biyar ke nan.
Ƙwayar na busar da baki, na saba.
Akwai ranar da hadari ke haɗowa
in ji shi a ƙuguna kafin a gan shi a gabas,
ranar nan Ladiyo ke riƙe muciya,
ni in zauna ina mulmula ƙuli.
Akwai ranar da nake wuce ɗorawa
har in hango jan gonar zoɓo.

Tiya biyu nake matsewa yanzu.
Jiya maƙwabciya ta aiko sayen mai,
ta ce a tambaye ni sunan ciwon.
Yana rubuce a 'yar takarda, cikin kwalla,
ƙarƙashin zanen da nake zuwa suna.
Na ce a gaya mata kwalba ɗari tara ce.