Tamanin

A hawa na huɗu, a birnin Tartu,
inda kogi ke daskarewa tun shekara ba ta ƙare ba,
Endel da Piret sun shekara biyu suna gardama
a kan abu guda: ina layi zai tsaya.

Endel ya ce tamanin.
Harafi tamanin, ko ɗigo kada ya ƙaru.
Yana da kati mai huji a aljihun tebur,
ya yi rawaya kamar haƙorin mashayin taba.
Gurbi tamanin ne a jikinsa, in ji shi,
kuma da shi aka koya masa magana da na'ura.

Piret ta ce, Katin nan ya girmi uwata.
Allona ya kai faɗin taga, don me zan karya wa tunani ƙafa tun bai kai bakin ƙofa ba?
Ɗari da ashirin. Ko a bar layi ya tafi
har inda numfashinsa ya ƙare.

Ita ta rubuta da rana,
shi ya bi dare yana kakkaryawa.
Da safe ta tarar da layukanta
an faskara su kamar itacen girki.
Ta ɗinke. Ya farke.
Abokan aiki suka gaji da rabon faɗa,
suka koma shan kofi a ƙasa.

Wata Laraba Endel bai zo ba,
aka ce yana asibiti.
Manhajar biyan albashi ta tsaya cik,
gyaran kuwa yana cikin kwamfutarsa.
Piret ta ja kujerarsa ta zauna.

Haruffan allonsa, kowanne ya kai babban yatsa.
Ta ƙirga da farce daga hagu zuwa dama:
tamanin, sai bango.
Ga layinta na jiya,
rabinsa a waje, kamar wutsiyar da ƙofa ta datse.
Ƙarƙashin jaridar da ba ya bari a taɓa
akwai gilashin ƙara girman rubutu,
mariƙinsa ya goge don riƙo.

Ba ta faɗa wa kowa ba.

Da ya dawo, ido ɗaya liƙe da auduga,
ya buɗe aikinta yana neman abin karyawa.
Ya gangara. Ya sake gangarawa.
Saba'in da tara,
saba'in da shida,
tamanin.

Ya yi gyaran murya.
Sunayen nan naki sun yi gajarta, ba a gane su.
Ta ce, Sha kofinka, zai huce.