Lambobin Gefen Taya

A bakin tashar Jega, gindin dogonyaro,
Arzika mai faci ya tofa yawu a gefen taya,
ya murza da babban yatsa:
"Karanta, Nomau.
Ɗari da tasa'in da biyar, faɗinta ke nan.
Sittin da biyar, kason tsayin kafaɗarta.
Sha biyar, bakin wili, shi ba a yi masa gardama."

Na ce ni dai manya nake so,
ramukan hanyar Aliero sun cinye mini salansa.
Ya taɓe baki, ya ɗaura.

Mota ta miƙe kamar raƙumi ya hango gawo,
na tsallake ramuka ina dariya.
Da na loda albasa buhu takwas
sai taya ta kama gurzar madigadi,
ƙiii, a kowace kwana.
Allura na rantsuwa tamanin nake yi,
iskar kunnena ta ce ƙarya take.
Hawan gada sai da giya biyu,
mai kuwa, kamar an huda tanki.

Ranar kasuwa na dawo.
Arzika bai ce uffan ba.
Tsofaffin tayoyina na nan inda na bar su,
ya ɗora musu kofin shayinsa.