Layin Ƙasa na Allon Ido

Shekara ashirin da bakwai ina jan tanka,
daga defo zuwa inda kwalta ke gajiya ta koma laka.
Fetur na ɗauka, gas na ɗauka,
kananzir har ya zame mini turaren riga.
Ban taɓa kwantar da ita a kwana ba,
ko ranar da birki ya ci amanata a gangaren Kujama.

Sai bana jan-baki suka sauka a fadamar Galma,
shinkafa na tsakiyar yin nono,
su kuwa kamar hadarin da ba ruwa a cikinsa.
Manoma suka yi karo-karo, aka yi hayar jirgin feshi,
shi kuma jirgi ba ya shan abin da mota ke sha.
Maigida ya ce, Tanimu, man jirgi za ka kai.
Na ce, ai mai duk mai ne.
Ya ce, a'a, wannan sai da hatimi.

Kwana uku benci yana cin wandona a ofis.
Madam Kande ta juya lasisina gaba da baya,
ta ce, Baba, na babbar mota ne, ba laifi,
amma kaya mai kama wuta da takardarsa,
man jirgi kuma da tasa.
Hoto huɗu, shaidar likita, kwas, jarrabawa.

Na zauna aji da sa'o'in 'ya'yana.
Malami ya ce, kafin a buɗe famfo, me ake fara yi?
Na ce, waya.
A maƙala ta jikin jirgi, a haɗa da ƙasa,
wutar da ke laɓe cikin ƙarfe ta bi ta sauka.
Ya gyaɗa kai. Na ci.

Saura allon ido.
Layin sama na karanta kamar sunana,
na biyu na lallaɓa,
da na iso layin ƙasa
sai baƙaƙen suka tashi fir, suka watse,
su ma jan-baki ne.
Likita ya ce, yi tabarau, ka dawo bayan wata.
Wata guda!
Wa zai kai wa tsuntsu wannan takarda?

Isuhu, yaron motata,
wanda na koya wa giya yana miƙa ƙafa da kyar,
shi hatimi ya hau.
Ya riƙe sitiyari, ni na zauna
a kujerar da yake gyangyaɗi shekara shida.
Daga Mararraba har Soba ban ce masa rage ba,
ƙafata dai tana taka birkin da babu.

A filin, jirgin rawaya ne, ƙarami, kamar fara ta ƙoshi.
Isuhu ya diro, ɗoki ya kwashe shi,
ya ja tiyo, ya kai hannu famfo.
Ina taku talatin daga nan, ina alwala,
na hango waya a naɗe inda take tun defo.
Buta ta faɗi. Na ce, KAI!
Har matuƙin ya cire abin kunnensa.
Yaro ya saki, ya dawo, ya maƙala,
bai dube ni ba, ni ma na kyale shi.

Na so in ce, Madam Kande, zo ki ga idon da aka kayar.
Amma da jirgin ya tashi ya nufi fadama,
yara na nuni, ga shi can, ga shi can,
na ɗaga kai, na ƙanƙance ido,
sama kawai na gani.

Litinin zan je a auna mini tabarau.