Burodin Tasalla

Likita ya ce da Tasalla ta bar burodin kanti,
ta bar shayi mai suga, ta bar funkaso da alkaki.
Muka dawo gida Rafukka, ta zauna bakin gado,
ta ce, "To Malam, me aka rage wa baki?"

Ni da na yi shekara talatin da biyar riƙe da alli,
ban taɓa riƙe muciya ba,
na nufi babbar kasuwa da 'yar takarda a aljihu,
rubutun jikata Nusaiba:
alkama mudu guda, a niƙo ta da dusarta,
gwangwanin ots, yis, gishiri,
man gyaɗa cokali biyu.

Na farko ya fito kamar tubali.
Maƙwabcina Lawai ya ƙwanƙwasa shi da makulli,
ya ce, "Yi mana ɗari, katangar masallaci ta zube."
Na biyu ya ƙone ta ƙasa, cikinsa ɗanye sharaf,
kaji suka leƙa, suka wuce abinsu.

Ashe ruwan zafi ke kashe yis.
Ashe ƙulli ba ɗan aji uku ba ne,
ba ya jin tsawa, ba ya tsoron bulala,
sai ka bi shi a sannu.

Ran Laraba, bayan na dawo daga Asuba,
na jiƙa ots da ruwa mai ɗumin wankan jariri,
na zuba gari, na sa hannu.
Danna, naɗe, juya.
Danna, naɗe, juya,
har wuyan hannuna ya fara kai ƙara,
har ƙullin ya daina kama mini yatsa
ya yi laushi kamar kunnen ɗan akuya.
Na rufe shi da tsohon gyalenta,
na ajiye gindin bango inda hantsi ke fara sauka.

Sau huɗu ina ɗaga gyalen.
Daga ɗaki ta ce, "Bar shi ya huta,
mai yawan leƙe ba ya ganin girman yaro."
Da na dawo ya cika kwano, yana numfashi.

Ba mu da abin gashi irin na masu kuɗi.
Tukunyar da aka yi tuwon sunan autanmu
na zuba wa yashi, na ɗora a kurfoti,
gawayi a ƙasa, garwashi bisa murfi,
na zauna kan turmi ina gadi.

Ƙamshi ya tsallake katanga.
Na ji Lawai ya yi gyaran murya,
bai ce komai ba.

Na kai mata da zafinsa, bayansa ja, ots a warwatse
kamar furfurar da ta fara fito mata a goshi.
Ta gutsura, tururi ya tashi,
ta daɗe tana tauna, ina tsaye
kamar ɗalibi mai jiran sakamako.

"Gishiri bai ji ba," in ji ta.
Ta sake gutsura.

Sai ta ga ƙunar da ke babban yatsana.
Ta jawo hannun, ta shafa masa man kaɗe,
na ga nata hannun, tabo bisa tabo,
shekara arba'in yana ajiye mini akushi
ban taɓa tambayar yadda suke kwashewa da wuta ba.

Ta ce, "Gobe ka ƙara gishiri kaɗan.
Kuma ka yanka wa Lawai,
tun ɗazu yake tari a bayan katanga."