Ba Na Sayarwa Ba Ne

Kwana tara da kai Baba Ɗantakum,
ba a gama naɗe tabarmin gaisuwa ba,
sai ga Sallau a zaure.
Bakinsa na ta'aziyya,
idonsa na ƙirga azara,
ƙafarsa na auna taku daga soro zuwa rijiya.
Ya ce, "Allah ya jiƙan Malam.
Ku nawa ne magada?"

Tun ranar wayata ba ta huta ba.
Lambar da ban ba kowa ba
sai uwar 'ya'yana da mai kawo mini batir
ta zama famfon unguwa, kowa da bokitinsa.
Asuba kira, bayan lisha kira:
wai ginin ƙasa ne, damina biyu ta rage masa,
wai titi zai ci rabinsa,
wai ga wani Alhaji ya sauka, kuɗi a hannu, jibi zai tashi.
An zuro takarda ta ƙarƙashin ƙyaure.
An bi ƙanena Mamuda har garejin da yake koyon aiki,
an raɗa masa kasonsa a kunne.
Ya dawo, ya ci tuwo, bai haɗa ido da ni ba.

Na san kiɗan, na ga wadda ta taka.
Inna Tasalla ta bayan masallaci
ta dangwala yatsa a kan miliyan huɗu,
aka ba ta kafin alƙalami, aka ce ciko sai an ga wata.
Sallau bai kwana gidan ba,
bai aza bulo ba, ko makulli bai amsa ba.
Takardar kawai ya soka a aljihu,
ya fita ta Ƙofar Ƙaura
ya sayar da ita miliyan tara.
Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.
Yanzu ɗaki guda take haya a bayan tasha.
Ran Juma'a takan zo ta tsaya nesa
tana kallon shaguna shida
a inda duruminta yake da.

Ban ce dillanci haram ne ba.
Ta hannun dillali kakana ya sami filin nan,
aka kira shaidu, aka raba goro,
la'ada a tafin hannu, kowa ya gani.
Amma ɗan adaidaita na da lamba a jikin kekensa,
mai kemis ya rataya takardarsa a bango,
ni da ke gyaran rediyo a Ƙofar Soro
duk shekara sai an zo mini da rasit.
To, mai juya rufin kan marayu fa?
Jarinsa waya biyu da harshe.
In ya ci amana, ofishin wa za a je?
Sunan wa za a soke, daga wane littafi?

A yi littafin.
A sa shi ciki da hoto da sunan uba,
a ba shi lasisin da za a iya ƙwacewa.
Ya faɗa gaban shaidu:
ba shiga zan yi ba, juyawa zan yi, ga abin da zan ci.
A bar tsohuwa ta kwana bakwai da maganar
kafin tawada ta bushe a yatsanta.
Wanda kuwa ya ce kar a ƙara kiransa,
kira na biyu ya zama laifi.

Kafin nan dai na sayo jan fenti, ƙaramin gwangwani.
Na hau turmi na fara rubutu,
bangon yana shanye haruffan kamar mai ƙishi,
sai da na bi su sau uku.
Ban kira Mamuda ba.
Na duƙo neman gwangwanin, na same shi a hannunsa.

Da safe Sallau ya tsai da mashin,
ya karanta har ƙarshe, ya jinjina kai.
Kafin in gama shan koko wayar ta yi ƙara.
Ya ce, "Na ga rubutu, ya yi kyau.
Yanzu tsakaninmu, nawa za ku bari?"