Komawa Ta Bakwai

Shagona na bakin hanyar kotu a Garwa,
tebur ɗaya, benci ɗaya, fanka mai tari.
Shekara goma sha ɗaya ina buga wa mutane kukansu:
takardar gado, ƙarar gonar da aka ci wa iyaka,
wasiƙar neman aiki a kamfanin auduga.

Sai ɗan ƙanwata Yuguda ya zo hutu daga Ngaundere,
ya leƙa kwamfutar, ya ja tsaki.
"Kawu, Windo ta bakwai? Ai an yi sadakar arba'in ɗinta."
Ran Lahadi na tafi kasuwar Pitowa,
kafin in dawo ya yi mini gwaninta.

Sabuwar kyakkyawa ce, ban musa ba,
shuɗi shar kamar Binuwai in ruwa ya kwanta.
Amma in na kunna ta da hantsi
sai in aika a sayo shayi, in sha, in ɗauraye kofi,
tana nan tana juya 'yan ɗigonta
kamar mai laluben canjin jaka goma
a aljihun da ya san ba komai.

Firintata, tsohuwar da ba ta taɓa ce mini a'a ba,
suka dubi juna, ko gaisuwa.
Ƙugiyoyin haruffa suka ɓace:
na buga wa wani dattijo ƙasa, ta fito kasa,
ya ce shi gonarsa yake nema, ba maciji ba.
Ana tsakiyar takardar wata mai takaba
ta ce in dakata, ado take sakewa,
kada in kashe.
Masu wuta suka kashe mana ita.

Ran Alhamis na naɗe ta a bargo, na hau mashin
zuwa rumfar Hamajoda, bayan babbar kasuwa.
"Ka kwashe kayanka?" Na nuna masa filashi.
"Duka?"
"Duka."
"To, in na danna nan, bakin alƙalami ya bushe."
Ya zaro faifai daga ƙarƙashin tarkace,
ya hura, ya goge da hannun riga.
Na ce danna.

Koren layi ya kama hanya, tafiyar hawainiya.
Muka yi la'asar, kashi arba'in.
Muka ci gyaɗa, muka zagi tsadar siminti,
kashi sittin da biyu, ya tsaya nan
har na fara ƙirga kuɗin sabuwar firinta.
Dab da magariba ta yi sallamar nan tata,
ɗan sautin da na sani
kamar takun mai gida a zaure.

Sai ta tambaye ni sunana.

Ni.
Shekara goma sha ɗaya muna kwana a kan aiki.
Agogonta ya koma wata shekara
da Baba ke da rai, da gashina ke baƙi.
Sunayen da na koya mata ɗaya bayan ɗaya,
Gashiga, Lagdo, Demsa, Jaratu, Bobbo,
duk ta ja musu jan layi, wai kuskure ne.

Da dare na juye filashi, na ƙirga.
Gado na nan. Gonaki na nan. Bashin da ake bina ma na nan.
Abu ɗaya na bari a fuskar allo,
don kullum idona na kansa har na daina ganinsa:
wasiƙar da nake rubuta wa yayana a Njamena
tun ranar da muka yi cacar baki a kan gidan Baba.
Sakin layi uku cikin shekara huɗu.
Ta bi sabuwar, sun tafi tare.

Da safe firinta ta yi gyaran murya,
ta ja takarda, ta tofo ta da ɗumi.
Mai takaba ta karɓi tata, ta biya dala arba'in.
Da benci ya zama wayam na buɗe farin shafi,
na buga: Zuwa ga Yaya Sa'adu.
Jan layi ya fito a ƙarƙashin sunan.
Na ce mata, riƙe wannan,
za ki riƙa ganinsa.