Bakin Zare

Shekara goma sha ɗaya ina ɗinki a Mokoyo,
ban taɓa yanke zare da haƙori ba.
Na sama da na ƙasa ba sa gaisawa,
sai ka ce maƙwabtan da rigimar katanga ta raba.
In almakashi ya ɓuya cikin ƙyallaye
sai in miƙa wa yarona Ilu bakin zaren,
ya datse, ya kau da kai
don kar in ga dariyarsa.

Likita Balkisa ta auna ni
yadda nake auna mai riga:
goshi zuwa haɓa, kunne zuwa kunne.
Ta ɗaga hoton ƙashina gaban fitila,
na ga kaina ba fata, ina murmushin da ban yi niyya ba.
Ta ce, Malam Sa'adu, yadin lafiya lau,
yankan ne ya karkace tun farko.
Amma ba gobe ba. Waya tukuna.

Wata goma sha shida da waya a baki.
Gulbi ya kawo ruwa, ya janye, ya sake kawowa,
haƙora na tafiyar hawainiya.
Kafin su gyaru sai da suka ƙara muni,
ta ce haka ake so.
Jajayen awakina uku suka tafi kasuwa,
keken ɗinki na biyu ya bi su.

Ranar aikin, ba ci ba sha tun dare.
Aka ce ƙirga goma. A huɗu na tsaya.
Ta ciki suka bi, ta bayan leɓe,
yadda nake juya riga in ɗinke
kar a ga sawun allura.
Suka tsaga ƙashi, suka gusa shi, suka kafe
da 'yan kusoshi kamar ƙwayar shinkafa.

Na farka da kai kamar kabewa.
Kwana uku kumburi na hawa, ba ya jin kira.
Leɓen ƙasa kamar na aro,
Cima ke goge yawun da ban san ya zubo ba.
Roba ta ɗaure baki,
na rubuta ƙishirwa a bayan takardar magani.
Barci a zaune, matashi uku,
hanci a toshe, dare ya ƙi ƙarewa.

Mako shida: kunu, farau-farau,
romo tatacce ta sirinji,
fura mai ruwa-ruwa wadda ko jariri zai raina.
Wata Laraba iska ta kawo hayaƙin tsiren Ɗan Dije,
na yi hawaye, kuma ba ciwo ba ne.
Wandona da kaina na rage shi, yatsa uku.

Da fuska ta sace, na duba madubin shago,
na ga wani mai kama da kawuna na Tibiri.
Inna ta daɗe tana kallona
sannan ta ce, muryar dai taka ce.
Wannan ba a faɗa mini ba,
cewa sai na koyi gaida mutumin nan kowace safiya
har mu saba.

Yau wata tara. Waya ta fita.
A gefen haɓa akwai wuri, faɗin dala,
har yanzu barci yake.
Likita ta ce watakila ya farka, watakila a'a.
Na yarda. Ba rigar da ba ta da wurin da tela kaɗai ya sani.

Jiya almakashi ya sake ɓuya.
Ilu ya miƙo hannu kamar kullum.
Na kai zaren baki.
Ƙas.

Ta hana, na sani. Sau ɗaya ne.
Ilu ya buɗe baki, ya ce, Maigida!
Na ce, rufe, kar ƙuda ya faɗa,
je ka nemo almakashin.